Inda Duwatsun Suka Haɗu

Rana ta riga ta faɗa bayan katanga lokacin da Umma ta fito kwashe shanya. Hasken da ya rage a tsakar gidan ja ne, mai kauri, irin wanda ke sa inuwar mutum ta fi shi tsawo. Ba ta da wani tunani a ranta da ya wuce hannun rigar da ta bari a kan keken ɗinki ba ta haɗa ba, da tukunyar da ke kan wuta. 'Yarta guda ɗaya a duniya, wadda kowa ke kira Tilo, tana zaune a bakin ƙofar sito da kwano a cinya, tana ba kakanta abinci cokali-cokali. Daga ɗakin ƙurya, inda maigidan ya kulle kansa tun dawowarsa daga shago, ba abin da ke fitowa sai ƙarar danne-danne da tsaki.

Sai wani abu ya faɗo tim a gindin katangar dama. A daidai lokacin, ba gaba ba baya, wani ya faɗo a gindin ta hagu.

Umma ta ajiye kayan ta je ta duba. Duwatsu ne, kowanne kamar ƙwan kaza, baƙaƙe masu santsi. Ta ɗauki ɗaya, ta sake shi da sauri tana yarfe hannu, domin zafi gare shi kamar yanzu aka ciro shi daga wuta. Ta ɗaga kai ta dubi saman katanga. Ta kasa kunne ko za ta ji gudun yara a lungu. Ba gudu, ba dariya, har kukan tsuntsayen da ke komawa sheƙa ya ɗauke. Daga cikin duhun sito ta ji tsohon ya daina tauna.

"Amaryata," ya ce wa jikarsa da karkataccen bakinsa, "shigo daga ciki."

Gidan bai wayi gari haka kawai ya tsinci kansa a wannan maraice ba.

Maigidan mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, yana da shago, hannunsa kuma na da kyau a aiki. Amma tun yana saurayi ba abin da ya ƙwallafa rai a kai irin tuƙin jirgin sama. Ya je gwaji, likita ya duba idonsa ya ce ba ya rarrabe ja da kore yadda ake so, aka sallamo shi. Wannan abu ya zauna masa a ƙahon zuciya. Da girma ya zo, hannu ya ɗan buɗe, sai ya faɗa wasan jiragen yaƙi na kwamfuta, irin wanda mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa ta intanet suna harbo juna a sararin sama. Abokan wasan suka laƙaba masa Kyaftin don zolaya. Shi kuwa ya riƙe sunan hannu bibbiyu, har ya zama ba wanda ya isa ya kira shi da wani a gabansa.

Bai tsaya a kwamfuta kaɗai ba. Ya sayo kujerar mota a wurin 'yan gwangwan, ya ƙera mata gida na ƙarfe, ya jera allo uku a gabanta, ya kafa sandar tuƙi a tsakiya da matakan ƙafa a ƙasa, ya haɗa batura don kada ɗauke wuta ta katse masa yaƙi. Da kayan suka yi wa falo yawa, sai idonsa ya faɗa kan ɗakin ƙurya, mai sanyi, mai nisa da hayaniyar titi. Ɗakin mahaifinsa ne. Tsohon ya daɗe a ciki, tun kafin ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace.

"Baba ai wuni yake a kwance," in ji Kyaftin. "Ina ruwan mai kwanciya da girman ɗaki?"

"Abban Tilo, ka ji tsoron Allah," Umma ta ce. "Sito fa ko taga babu."

"Gidanki ne ko nawa?"

Ranar da aka ciccibo tsohon, bai yi gardama ba sai da aka zo bakin ƙofa. Nan ya riƙe rigar ɗansa da hannunsa mai lafiya, ya yi ta kokawa da harshensa kafin maganar ta fito.

"Ina da maƙwabci a ɗakin nan. Mun daɗe tare. In na shigo ina yi masa sallama, shi kuma ba ya shiga harkata. Kada ka dame shi."

Kyaftin ya yi dariya har yana sunkuyawa.

"To, Baba, ka ce masa ya zo in koya masa tuƙi."

Aka shimfiɗe tsohon a sito, tsakanin buhun gawayi da tsofaffin tayoyi. Umma ta share, ta wanke, ta sa labule, abin da ta iya ke nan. Tilo ta ɗauki nauyin ciyar da shi, don a hannunta kaɗai yake cin abin kirki.

Abin da ya hana Kyaftin sakat a waɗannan kwanaki shi ne saitin bindigoginsa. Jirgin da yake tuƙawa a wasan irin na da ne, mai farfela, bindigoginsa kuma a jikin fukafukai suke, wasu dama wasu hagu, da tazara mai faɗi a tsakani. In aka bar su suna kallon gaba sak, harsasan za su tafi a jere kamar layin dogo, su wuce abokin gaba ta gefe da gefe ba su taɓa shi ba. Shi ya sa ake karkato bakunansu ciki kaɗan, domin wutar dama da ta hagu su je su haɗu a wuri ɗaya can gaba. Matuƙi ne ke zaɓar nisan wannan mahaɗa. In ya sa ta kusa, dole ya matso har ya kusa shaƙar hayaƙin wanda yake bi kafin ya harba, don daga nesa harsasan sun riga sun gitta juna sun watse. In kuma ya sa ta nesa ya matso, sai su wuce ta kunnuwan jirgin su bar shi lafiya lau.

Kyaftin ya sa mita ɗari huɗu, bai samu kowa ba. Ya rage zuwa ɗari biyu, aka harbo shi kafin ya matso. Abokan wasa suna ta sheƙa dariya a cikin abin da ya rufe kunnuwansa da shi. A wurinsa laifin bai taɓa zama na hannunsa ba. Na saiti ne, ko na Umma da ke taka keken ɗinki, ko na tsohon da ke tari ta cikin bango.

Sai ya fara kiran Tilo. Yarinyar ta kusa gama sakandare, doguwa ce mai sanyin hali, an kuma haife ta da harara-garke: idonta na hagu ba ya tsayawa inda na dama ya tsaya, sai ya zame gefe kamar yana neman wani abu da ya ɓata. Zai ajiye jirgin a ƙasa cikin wasan, ya fuskanci wata hasumiya, ya danna kunama, ya ce ta tsaya a bayansa ta duba inda harsasai masu haske suke gitta juna.

"Gaban hasumiyar suka haɗu ko bayanta?"

"Gabanta, Abba. Ina jin gabanta ne."

"Kina ji?"

Ya juyo da kujerar, ya kama haɓarta, ya karkato fuskarta wajen hasken allo. Umma tana bakin ƙofa da kofin shayinsa a hannu.

"Ni ma dai da neman wahala. Wadda nata idanun ba su taɓa haɗuwa a wuri ɗaya ba, ita nake tambaya mahaɗa? Ke ai tun daga kamfani aka ɓata miki saiti."

Abin ya yi masa daɗi har ya buɗe makirfo ya maimaita wa abokansa. Dariyar mutanen da ba su san ta ba ta riƙa tsiyayowa daga abin kunnensa, siririya kamar kukan sauro. Tilo ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta fita ta wuce sito, Umma ta jiyo tsohon yana ce mata, "Wa ya taɓa mini amarya?" Washegari Kyaftin ya sake kiranta, jibi ma haka, ranar da amsarta ba ta yi masa ba kuma ya bi ta da mari.

Ana cikin wannan hali ne duwatsun farko suka faɗo.

Umma ta gaya wa mijinta a daren. Ya ce yaran maƙwabta ne, bai ko ɗago kai daga faranti ba. Washegari da magariba suka sake faɗowa, biyu a tare, ɗaya dama ɗaya hagu. Haka kashegari. Maƙwabta suka tsaya a lungu suna gadi, suka rantse ba su ga ko kyanwa ba, amma a cikin gida duwatsun suka sauka a kan lokacinsu, da zafinsu.

An ɗan kwana biyu kafin Umma ta lura da yadda duwatsun ke sauka. Na farko a gindin katanga suka sauka. Daga baya na dama ya fasa randar ruwa, na hagu ya lotsa bokitin wanki. Bayan nan na dama ya sauka kusa da igiyar shanya, na hagu kusa da bakin kicin. Kullum suna matsowa, kowanne daga nasa ɓangaren, a hankali, kamar mai abin ba ya sauri. Ta tsaya a tsakar gida ta bi su da ido, ta ga in suka ci gaba a haka, inda za su haɗu shi ne bakin ƙofar sito, daidai wurin zaman Tilo.

Ta hana ta zama a wurin. Da magariba ta yi, ta shigar da ita falo, ta rufe ƙofa da tagogi. Duwatsun suka faɗo a cikin falon, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, rufin kuma ko tsaga babu. Washegari suka matso.

Sannan muryoyi suka fara. Da tsakar rana, Kyaftin na shago, ɗakin ƙurya a kulle, sai Umma ta ji gurnanin injin jirgi yana tashi daga ciki, ƙasa-ƙasa, har allurar kekenta na rawa. Ta lallaɓa ta kara kunne a ƙofa. Muryar mijinta ta ji, sak, da irin tsakin da yake yi, tana cewa, "Rage kaɗan. Rage kaɗan." Ta kira shi a waya tana tsaye a wurin. Ya ɗauka daga shago, ana jin ƙarar guduma a bayansa, muryar da ke cikin ɗakin kuma ba ta daina ba.

A ranar ta haɗa wa Tilo kaya ta kai ta gidan yayarta. Magariba ta zo ta wuce, ba dutse. Umma ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Amma bai ɗore ba, domin wani a shago ya tambayi Kyaftin ko gaskiya ne aljanu sun kori 'yarsa daga gida. Ya dawo yana huci.

"Ni za ki mayar abin kwatance a unguwa?"

"Abban Tilo, na roƙe ka, ka bar ta can ko na ɗan lokaci. Ita ake nufi."

"Wa ke nufinta? Me aka gani a jikinta?"

Ya ja mota ya je ya ɗauko ta da kansa. Suka shigo gida ana gab da kiran salla. Tilo ta ajiye jakarta ta nufi sito don gaida kakanta, Umma ta buɗe baki za ta ce kada ta tsaya a nan, ba ta kai ga faɗa ba. Ta ga duwatsun da idonta a wannan karon, suna tahowa daga dama da hagu a miƙe, ba irin faɗowar abin da aka jefa ba. Suka haɗu a kan yarinyar, ɗaya a wannan gefen goshi ɗaya a wancan, ƙara ɗaya tak. Tilo ta zube kamar zanin da ya suɓuce daga igiya.

Umma ta rungume ta tana salati. Jini kaɗan ne, bai kai girman bugun ba. Can yarinyar ta buɗe ido, ta ture uwarta da hannu ɗaya har sai da bayanta ya bugu da bango, ta tashi zaune. Idanunta biyu suka sauka a kan mahaifinta, duka biyun, a wuri ɗaya, a miƙe. Tun da aka haife ta Umma ba ta taɓa ganin fuskarta haka ba, ba ta kuma taɓa ganin abin da ya ba ta tsoro kamarsa ba.

"Yanzu ya yi daidai," in ji wata murya mai kauri daga bakinta.

Kyaftin ya ce iskanci ne, uwarta ce ta kitsa mata. Ya fizgo wayar wuta daga jikin bango ya shiga zuba mata, Umma na riƙe hannunsa yana watsar da ita. Yarinyar ko motsi ba ta yi ba. Kallonsa kawai take, shatin wayar na tashi a damtsenta, har hannunsa ya gaji. Da ya tsaya yana haki, muryar ta ce, "Ka kusa. Rage kaɗan." Wayar ta faɗi daga hannunsa. Ya ja da baya, ya shige ɗakin ƙurya ya murɗa makulli.

Kwanakin da suka biyo baya Tilo ba ta ci ba, ba ta yi barci ba. Tana zaune a bakin ƙofar sito, duk inda mahaifinta ya gitta idanun suna biye da shi. Tsohon yana kiranta daga ciki, "Amaryata, amaryata," ba ta amsawa. Umma ba ta nemi izinin kowa ba. Ta yafa mayafi ta tafi wurin wani malami da yayarta ta kwatanta mata, mutum siriri mai furfura a gemu, wanda ya daɗe yana karantarwa yana kuma yi wa masu irin wannan lalura ruƙiyya. Ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba. Bayan la'asar sai ga shi, ba komai a hannunsa sai gorar ruwa.

Ya sa kowa ya yi alwala. Ya ce a kira maigida, Kyaftin ya fito ya jingina da bango, hannu a aljihu. Da yarinyar ta ƙi tashi daga inda take, Malam ya ce a bar ta, ya shimfiɗa darduma a gabanta ya zauna. Ƙofar sito a buɗe take a bayanta, labulen na motsi kaɗan-kaɗan.

Ya fara karatu da murya matsakaiciya. Ya daɗe yana yi ba abin da ya faru, inuwar katanga na tafiya a hankali tana cinye tsakar gidan. Sai yatsun ƙafar Tilo suka fara lanƙwashewa. Gumi ya keto mata. Ta toshe kunnuwa, Malam ya ɗaga murya, ya yayyafa mata ruwan da ya tofa. Ta ƙwalla wata ƙara da ta sa karen maƙwabta ya fara haushi ya kuma yi tsit.

"Ya isa, Malam! Kana ƙona ni!"

"Kai wane ne?"

"Maƙwabcin tsoho."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba."

"To don me ka shige ta?"

Bakin Tilo ya buɗe da wani murmushi da ba nata ba.

"Wancan ne ya gayyace ni. Ya kori abokin zamana, ya cika mini ɗaki da ƙara da ashar, ya ce in zo ya koya mini. Na zo. Kullum ina tsaye a bayansa. Na ga yadda ake rage kaɗan, a rage kaɗan, har dama da hagu su haɗu. Na kuma ga inda yake saita nasa in ya tashi daga kujera. Duk gidan nan ita ake harbi. Ni layi na bi."

Umma ta dubi mijinta. Ya kawar da kai.

"Zaluncin wani ba ya halatta maka naka," Malam ya ce. "Ka ji tsoron wanda ya halicce ka, ka fita daga jikin baiwar Allah."

Ya koma karatu, wannan karon ba sassauci. Jikin yarinyar ya riƙa bankarewa, Umma ta danne kafaɗunta tana hawaye, tana jin zafin fatar kamar ta taɓa murfin tukunya. Muryar ta yi zagi, ta yi barazana, ta koma roƙo. Rana ta kai bakin katanga, tsakar gidan ya fara yin ja.

"Zan fita," ta ce a ƙarshe, a gajiye. "Amma ba zan fita hannu rabbana ba. Ɗayan biyu. Ya kwaso tarkacensa daga ɗakina yanzu, ya ƙona su a nan ina kallo. Ko kuwa ya riƙe ɗakin da kayansa har ƙarshen ransa, ba zan ƙara taɓa 'yarsa ba, ya ba ni tsohon a madadinta."

"Kada wanda ya amsa masa," Malam ya ce bai waiwaya ba. "Ba a ciniki da shi. Ya jigata ne. Fita zai yi, ko an ba shi ko ba a ba shi ba."

Umma ta san haka ne, ta yarda da Malam. Duk da haka ta ɗaga kai ta dubi mijinta, tana jiran ta ga ya ruga ɗakin ƙurya ya fara jido kaya, ko da za a ce masa ba sai ya yi ba. Yana nan tsaye. Idonsa na kan ƙofar ɗakin.

"A ƙona?" ya ce. "Allah gafarta Malam, ba za a iya mayar da su wani wurin ba?"

"Na ce ka yi shiru."

"Ƙonawa," muryar ta ce a hankali, "ko tsoho."

Malam ya ci gaba da karatu. Ƙarƙashin karatun, Umma ta ji mijinta ya gyara murya. Ya cire hannu daga aljihu, ya goge shi a riga, ya ɗan matso.

"In ka ɗauke shi," ya ce ƙasa-ƙasa, "zai sha wahala?"

Karatun ya tsaya cak.

"Ai Baba ya riga ya ci zamaninsa," Kyaftin ya ce, yana kallon ƙasa, kamar mai yi wa kansa bayani. "Kwance kawai yake. Hutu ne ma a wurinsa."

Daga bayan labulen sito aka ji kofin ƙarfe ya faɗi, ya yi ta garawa a kan siminti kafin ya tsaya.

Sai muryar ta fashe da dariya, doguwa, har jikin Tilo na girgiza a hannun uwarta.

"Kun ji? Malam, ka ji? Tsoho, ka ji ko in sa ya maimaita? Ni me zan yi da kai? Shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya ba ka taɓa taka ni ba. So nake ka ji da kunnenka abin da ka haifa."

"Kai ma azzalumi ne," Malam ya ce. "Da wannan ka saka wa wanda ya yi maka zaman mutunci?"

"Ni ban ce komai ba. Zaɓi kawai na ba shi." Idanun suka koma kan Kyaftin. "Riƙe ɗakinka, Kyaftin. Ni ba zan iya zama gida ɗaya da kai ba."

Malam ya sa aljanin ya yi rantsuwa cewa ba zai dawo ba, ba kuma zai cuci kowa a gidan ba. Ya rantse. Ƙafar Tilo ta hagu ta miƙe, ta yi ta karkarwa tun daga cinya har babban yatsa, sannan ta saki. Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi. Ƙofar ɗakin ƙurya ta buɗe da kanta ta bugi bango, wani ƙauri ya ratsa tsakar gidan ya wuce. Can nesa aka fara kiran salla.

Da Tilo ta buɗe ido, na hagun ya zame gefe yadda ya saba, Umma ta sumbace shi tana kuka. Kyaftin ya durƙuso ya miƙo hannu. Yarinyar ta janye jikinta, ta rarrafa ta gefensa ta shige sito. Daga yadda ta kauce masa Umma ta gane cewa duk abin da aka faɗa, tana ciki tana ji.

A bakin ƙofar gida Malam ya tsaya yana sa takalmi. Bai karɓi hannun da Kyaftin ya miƙa masa ba.

"Wanda ke jikin yarinyar ya fita," ya ce. "Sauran ba aikina ba ne."

Duwatsu ba su sake faɗowa ba. Da gari ya waye Kyaftin bai je shago ba. Ya kwance kujerar, ya sauke allunan, ya naɗe wayoyin, ya loda komai a mota ya fita da su. Ya share ɗakin ƙurya da kansa, ya yi masa fenti, ya sayo sabuwar katifa. Da fentin ya bushe ya shiga sito ya sunkuya zai ɗauki mahaifinsa. Ya ciccibe shi. Da aka zo bakin ƙofa sai tsohon ya damƙi katakon da hannunsa mai lafiya, ya riƙe gam, jijiyoyin hannun sun miƙe. Kyaftin ya lallasa, ya roƙa, ya ja kaɗan. Dole ya mayar da shi tsakanin gawayi da tayoyi.

Daga ranar tsohon ya daina cin abinci. Ko Tilo ce ta kawo cokali, sai ya shafa kanta ya juya fuska ga bango. Ruwa kaɗai yake kurɓa. Aka kawo likita, ya rubuta magani, maganin ya zauna a leda. Ya riƙa ƙanƙancewa a kan shimfiɗa har ya zama bargon ya fi shi nauyi.

Wata safiya da hantsi Umma ta shiga gyara masa kwanciya, ta ga yadda numfashinsa ke fita, ta san lokaci ya yi. Ta kira mijinta a waya. Ya iso a guje, da baƙin mai a hannunsa, ya zube a gefen shimfiɗar.

"Baba, ni ne. Baba, ka yafe mini. Don Allah ka yafe mini."

Tsohon ya juyo a hankali. Ya daɗe yana kallon fuskar ɗansa, tun daga goshi har haɓa. Sannan ya ɗaga ido ga Umma, ya yi magana, tar, yadda ba ta ji ya yi ba tun kafin ciwon ya same shi.

"'Yata, wannan baƙon fa? Ki sallame shi. Muna da mara lafiya."

Kyaftin ya fita da baya-baya. Yana tsaye a tsakar gida cikin rana lokacin da tsohon ya cika, hannunsa a cikin na jikarsa, Umma na laƙƙana masa kalmar shahada.

Bayan an kai shi an dawo, masu gaisuwa sun watse, Kyaftin ya same ta a sito tana naɗe shimfiɗar. Ya tsaya a bakin ƙofa, idanunsa sun kumbura, ya rame a kwanakin nan kamar shi ma ya yi jinya.

"Hankalinsa ya riga ya gushe, ko?" ya ce. "Ciwon ne. Bai gane ni ba ne. Ke kina wurin, kin gani. Ki ce mini bai gane ni ba."

Umma ta dube shi. Ta san kalma ɗaya daga bakinta za ta ba shi damar yin barci har ƙarshen rayuwarsa, ta kuma san ba wanda zai taɓa ƙaryata ta. Ta gama naɗe bargon, ta ɗora shi a kan katifa, ta daidaita gefensa.

"Ya gane ka," ta ce.